Na canza layi, ya zanyi mutanena su samu sabuwar lambata? Tambayoyi da amsoshi

Ina da shagon caji da POS a wani ƙauye tsakanin Ringim da Gujungu, kuma cikin matsalolin waya da ake kawo min babu wadda ta kai ta canjin lamba yawa, ballantana tun da aka fara rufe layukan da ba a haɗa da NIN ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi yasa na tattara su a nan yadda ake yi min su, da amsar da nake bayarwa.

Malam, in na sayi sabon layi ba shikenan ba, mutanena zasu ga sabuwar lambar da kansu?

A'a wallahi. Sayen sabon layi kaɗai baya sanar da kowa komai, ko MTN ne ko Airtel ko Glo ko T2 (tsohon 9mobile). Sunanka da ke cikin wayar ɗan'uwanka shi ya rubuta da hannunsa, a wayarsa yake, babu wanda zai shiga ya gyara masa. Zai ta kiran tsohuwar ana ce masa a kashe take, in ya gaji ya haƙura, wani ma har ya fara zargin ko gudunsa kake. Abu ɗaya da yake iya yin sanarwar da kansa a cikin wayoyin da muke riƙewa a nan shine WhatsApp, shima sai ka bi ta hanyarsa, kuma iya masu WhatsApp ɗin zai gaya wa.

To ya ake yin na WhatsApp ɗin?

Abu na farko, kar ka goge WhatsApp ɗinka, kar ka buɗe sabo. Nan ne mutane da yawa suke yin asara. Ka saka sabon sim a wayar, ka tabbata yana da sabis kuma tes yana shigowa, ka sa wani ya kira ka ka gani. Sai ka buɗe WhatsApp ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga saiti, ka shiga akawun, a nan zaka ga wajen canza lamba, in wayarka da Turanci take an rubuta Change number. Zai nemi tsohuwar lamba a sama, sabuwa a ƙasa, dukkansu da 234 a gaba kuma banda sifirin farko.

Daga nan zai kawo maka wani ɗan makunni na sanar da mutane, to wannan shine abin da muke nema, kar ka yi saurin wucewa. In ka kunna shi zai baka zaɓi uku: ko kowa da kowa da ke cikin wayarka, ko iya waɗanda kuke hira da su, ko kuma ka zauna ka zaɓa ɗaya bayan ɗaya. Kana gamawa zasu turo lamba guda 6 zuwa sabon layin, ka saka, shikenan. Hotonka, sunanka, guruf-guruf ɗin da kake ciki, duk sun dawo kan sabuwar lamba, hirarrakinka ma suna nan tunda wayar bata canza ba, tsohon akawun kuma ya mutu.

Ni shawarata ga mai sana'a, tela ne ko mai gyaran babur ko dillalin riɗi, ya zaɓi kowa da kowa. Wanda rabonku da magana tun kakar bara shine zai neme ka bana.

Nayi hakan, amma yayana yace har yanzu tsohuwar ce a wayarsa

Haka ne, domin WhatsApp sanarwa kawai yake yi, baya taɓa sunayen da ke cikin wayar mutum. Ɗan rubutu ne yake fitowa a cikin hirarku cewa wane ya canza lamba, sai mutum ya taɓa wajen ya yi sebin da kansa. Kaga wanda data bata dame shi ba, sai ranar kasuwa yake sayen ta ɗari biyu, ko wanda baya karanta boko, zai iya ganin rubutun ya wuce abinsa. Don haka mutanen da ka damu da su sosai ka bi su da saƙon murya, ka ce wane ni ne, wannan ce lambata yanzu, goge waccan. Murya tafi rubutu aiki a wajenmu nesa ba kusa ba.

Na riga na goge, na buɗe sabo da sabon layin, yanzu fa?

In tsohon sim yana hannunka kuma yana karɓar tes, da sauƙi. Ka sake buɗe WhatsApp da tsohuwar lambar, ko a wata wayar, ko a wannan ɗin dai tunda daga 2023 wayar Android tana iya ɗaukar akawun biyu a WhatsApp ɗaya. Da tsohuwar zaka yi sanarwar, ka sa a sitatus, ka tura a kowane guruf ka roƙi admin ya saka sabuwar. In ka ga mutane sun dawo sai ka goge tsohon akawun ɗin daga cikin saiti, gogewa ta gaske, ba cire manhajar daga waya kawai ba, don cire manhaja baya fitar da kai daga guruf.

Na tura burodkas da sabuwar lamba ga mutane sama da ɗari, ko mutum biyar basu amsa ba

Ai basu gani bane. Burodkas, wato saƙo ɗaya da WhatsApp yake tura wa jerin mutane lokaci guda, baya shiga wajen mutum sai in ya yi sebin ɗin lambar da ta turo, to su kuwa tsohuwar suke da ita, sabuwar basu santa ba. Da tsohuwar ya kamata ka tura. Kuma jeri ɗaya mutum 256 yake ɗauka, in mutanenka sun fi haka sai ka raba. Sitatus ma haka yake, wanda bai ajiye lambarka ba ba zai gani ba.

An rufe min layi, ko ya faɗi, amma wayar tana hannuna. Zan iya canzawa?

Zaka iya, muddin WhatsApp ɗin yana buɗe a wayar bai fitar da kai ba. Sabon layi ake tura wa lambar tabbatarwa, ba tsohon ba. Sai dai kar ka yi nawa, ka yi yau ɗin nan, don ranar da wayar ta samu matsala aka yi mata filashin to ƙofar ta rufe. In kuma har da wayar aka ɗauke, kamar yadda ake yi a cunkoson kasuwar Wudil ko Maigatari, to babu hanya sai ka fara dawo da tsohon layin tukuna.

Wanda zai canza waya da layi lokaci ɗaya, ya fara canza lambar a tsohuwar waya, ya yi bakof, wato ya ajiye hirarrakinsa a Google Drive, sannan ya koma sabuwa ya sauke.

Yaya, su Inna da su Baba fa, masu ƙaramar waya?

Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce muhimmanci a ƙauye, don mutanen da rashin samunka zai fi tayar wa hankali galibi basu da WhatsApp. Su sai kira, ko tes in akwai mai karanta musu. Tes yanzu naira 6 ne shafi ɗaya tun bayan ƙarin farashin 2025, mutum hamsin naira 300 kenan, ba wani abu bane, amma da tsohon layi zaka tura don sunanka ya fito.

Amma tsofaffi kam ka je da ƙafarka ko ka tura yaro mai hankali. Akwai wata dattijuwa da take aiko da wayarta caji nan, bata karatu, amma ta san ɗanta na Legas shine suna na uku in ta danna ƙasa, kuma ta san lambarsa ta ƙare da bakwai biyu. Da ya canza layi jikanta ya saka mata sabuwar da wani suna daban ya bar tsohuwar a wajenta, ita kuma ta ci gaba da danna na uku, sati da satittika tana cewa yaron nan lafiya kuwa, har abinci ya fita ranta. Abin da ya kamata a yi shine a buɗe tsohon sunan a goge lambar da ke ciki a rubuta sabuwa, suna ya zauna a inda ta saba ganinsa. In wayar tana da kiran gaggawa na danna lamba ɗaya, a ɗora mata shi a kan 2 ko 3. Sannan a duba bangon ɗaki da bayan ƙofa da cikin littafin da ake ajiye lambobi, duk inda aka rubuta tsohuwar da biro ko gawayi a gyara.

Mai shago kuma ya tuna da lambar da aka rubuta masa da fenti a jikin ƙofa, da wadda ke jikin rasit, da ta bayan Keke ko mota. Limamin unguwa, mai unguwa, mai kemis, direban da kake ba saƙo zuwa Kano, malamin makarantar allon da ɗanka yake, waɗannan a baki ake gaya musu.

Sabis ɗin layina ne ba kyau a garinmu, dole sai na canza lamba?

Ba dole bane, kuma ina so mutane su san wannan don ana zubar da lambobi masu daraja a banza. Tun watan Afrilun 2013 hukumar NCC ta kawo tsarin da zaka koma wani kamfanin da lambarka yadda take, ana ce masa fotin. Mai 0803 zai iya komawa Airtel lambarsa tana nan 0803, mai 0802 zai iya komawa MTN. Ofishin kamfanin da kake son komawa zaka je da wayarka da shaidar NIN, ka cike fom, su sa ka tura kalmar PORT zuwa 3232, su baka sabon sim. Kyauta ne. Sai dai katin da ya rage da data basa bin ka, ka cinye abinka kafin ka je, in kuma ka ci bashin kati ka biya.

Kafin ka ɗauki hanyar Dutse ko Hadejia ko Kano saboda wannan, ka ari wayar maƙwabci mai wancan layin ka gwada a cikin ɗakinka da gonarka, kar ka dogara da yadda yake kamawa a bakin titi.

In kuma ɓata sim ya yi ko ya lalace, welkam bak zaka yi, su dawo maka da lambarka a sabon sim. Zasu nemi NIN, su ɗauki hoto ko yatsa, su tambaye ka lambobin da ka fi kira da katin da ka saka na ƙarshe, wani lokacin har da takardar rantsuwa ta kotu. Kuɗin mota da wunin da zaka yi a layi ya fi maka sauƙi a kan bin mutum ɗari uku kana sanar da su.

Layin da sunan maigidana aka yi rijista, ni nake amfani dashi shekara da shekaru

Hajiya, a wajen kamfani layin nasa ne, ranar da ya ɓata shi zai je da kansa ya yi welkam bak, ke baza su saurare ki ba. In ana zaman lafiya kuma yana kusa babu damuwa, amma in yana ci-rani a Fatakwal, ko Allah ya yi masa rasuwa, ko zama ya ƙare, kin ga an shiga wani hali. In kina da NIN ɗinki gara ki yi layi da sunanki tun yanzu ki mayar da WhatsApp da banki kansa a hankali, tsohon yana kunne. Haka ma wanda ya sayi layi mai rijista a hannun wani a kasuwa, wannan layin aro ne, kar ka ɗora masa akawun ɗin banki.

Banki fa, shima zai gane na canza?

Ba zai gane ba sai ka je. Kuma in da za a bi abin a jere, banki ne farko kafin WhatsApp. Alat ɗinka, lambar sirrin da ake turowa in zaka yi transfa, da kod ɗin nan da kake dannawa a ƙaramar waya, duk a kan tsohon layi suke. Ka je reshen bankinka da katin shaida ka cike fom, kuma ka faɗa musu ƙarara abu biyu kake so a gyara, lambar da ke kan akawun da lambar da ke kan BVN, don ba ɗaya bane, ana iya gyara ɗaya a bar ɗaya. Mai banki biyu ya je duka biyun.

Masu OPay da PalmPay ku ƙara kula, tunda yawanci lambar wayar ce lambar akawun, an cire sifirin farko kawai. Ɗanka ko abokin cinikinka ya haddace ta, wani ma tana cikin jerin waɗanda ya saba tura wa, dannawa kawai yake. Kafin ka saki layin ka kwashe abin da ke ciki, ka gyara lambar ta cikin manhajar ko ta wajen masu kula da kwastomominsu, sannan ka gaya wa duk mai turo maka kuɗi inda zai tura yanzu. Mai turawa kuma ya dinga karanta sunan da ya fito kafin ya saka fin, ni ko sauri ake bana tura wa kowa kuɗi sai na karanto masa sunan ya ce eh shi ne.

Tsohon sim ɗin in jefar dashi?

Kar ka jefar. Layin da ya yi kamar wata shida ba a kira ba, ba a saka kati ba, ba a sayi data ba, kamfani yana iya rufe shi, in aka ƙara ɗaukar lokaci kuma a sayar wa wani da lambar. Kamar gidan haya ne da ka tashi, wani zai shiga, duk wanda bai ji ka tashi ba can zai kai saƙonka. Wani matashi ya kawo min sabon layin da ya saya, tun ranar farko alat ɗin wani bawan Allah yake shigo masa, da kiran mata suna tambayar ya jikin Alhaji. Shi mai tsoron Allah ne, amma ba kowa bane haka.

Ka bar tsohon a rami na biyu na wayar, ko a wata ƙaramar waya a gida, ka dinga saka masa ko naira 100 kana yin kira ɗaya lokaci zuwa lokaci, har sai kira ya daina shigowa kuma ka tabbata ka cire shi daga banki da komai. Manomi ya bari kaka ta zagayo, don masu sayen riɗi da zoɓo da shinkafa sau ɗaya suke nemanka a shekara.

Zan iya sa kiran tsohon layi ya dinga shigowa sabon?

Eh. A tsohon layin ka danna **21* sai sabuwar lamba sai #, ka kira, duk kira zai juya. In kana so sai lokacin da tsohon yake kashe ne kawai, 62 zaka sa a madadin 21. Cirewa kuma ##002#. Amma daga katin tsohon layin ake cirar kuɗin juyawar, kuma tes baya juyawa, kenan alat da lambar sirri ta banki baza su biyo ba. Wani abin kuma, in mutane suna samunka ta tsohuwar baza su taɓa yin sebin sabuwar ba, sai ka dinga tuna musu duk wanda ya kira.

An turo min saƙo wai ƙanina ne ya canza lamba, yana neman kuɗi

Tsaya tukuna. Wannan tsohuwar hanyar ƴan damfara ce, su ɗauko hoton mutum a Facebook su ɗora, su ce wayata ta faɗi ruwa wannan ce sabuwar lambata, kafin yamma su ce a taimaka da dubu ashirin. Ka kira tsohuwar lambar, ka kira sabuwar ka ji murya, in yace ba zai iya magana ba yana asibiti ko yana gaban ƴan sanda to ka kira matarsa ko wanda suke zaune tare. Shi yasa nake cewa in kai ne ka canza, ka yi sanarwar da tsohon layi ko da muryarka, kuma kar ka haɗa sanarwa da neman kuɗi a rana ɗaya.

Lamba 6 ɗin nan da WhatsApp yake turowa kuma ba a ba kowa, ko wanda ya kira yace daga guruf ɗin tallafi ne ko na taki. Ka shiga akawun ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka saka fin da kai kaɗai ka sani.

Banda banki da WhatsApp akwai sauran wuraren?

Akwai Facebook, TikTok da imel ɗinka na Gmail, duk ka shiga ka saka sabuwar ka cire tsohuwar tun kana iya shiga, don ranar da ka manta fasuwod tsohon layin zasu tura wa. Akwai lambar da ke kan NIN, ita a wajen NIMC ake gyarawa kuma ana biyan kuɗi. In ka taɓa ba da lamba a rijistar manoma ko wani tallafi, ko asibiti, ko makarantar yara, ka koma ka gyara.

Ɗalibai kuma ku ji da kyau, layin da kuka tura NIN dashi zuwa 55019 ko 66019 kuka karɓi kod ɗin JAMB, wannan layin ku riƙe shi gam har ku gama shiga makaranta. Kar a yi da layin mai kafe ko na aboki.

Zan tafi Nijar, ko Saudiyya, zan sayi layin can

Canjin lamba na WhatsApp yana aiki tsakanin ƙasa da ƙasa, 227 zaka sa a gaba in ta Nijar ce, 966 in ta Saudiyya. Amma in tafiyar ta ɗan lokaci ce, Umara ko Hajji ko cin kasuwa, ba sai ka canza ba, WhatsApp ɗinka zai ci gaba da aiki da lambar gida ko da datar layin can kake hawa. In ya tambaye ka ka ce a bar ta yadda take. Fotin kam iya cikin Najeriya ne.

Ni kuma saboda wani ne na canza, bana so ya samu sabuwar

To ƙanwata, a wajen zaɓin nan uku ki ɗauki na ƙarshe, ki zaɓi mutanenki da hannu, ko ki bar makunnin a kashe gaba ɗaya. Amma ki sani duk guruf ɗin da kike ciki sai an sanar da su, ko kin kunna ko baki kunna ba, kuma duk ɗan guruf yana iya ganin lambar. In kuna guruf ɗaya dashi, na ƴan ajinku ne ko na unguwa ko na biki, ki fita tukuna kafin ki canza, ki yi masa bulok, sannan ki shiga saiti ki mayar da hotonki da sitatus iya waɗanda kika yi sebin. Waɗanda kika ba lambar kuma ki gaya musu kar su bayar sai sun tambaye ki. In abin ya kai ga barazana kar ki tsaya a canjin layi, ki ajiye saƙonnin kar ki goge, ki nuna wa iyayenki ko yayyenki a kai maganar gaban mai gari ko ƴan sanda.